Kitson Dijatu Mai Kashi Huɗu

Fanka ce ta koya mini cewa rawanin Buzaye ba abin wasa ba ne. Ina cikin shagona na hoto, nan bakin hanyar tasha a Filinge, ina nuna wa wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, yadda ake naɗa shi, don ya ce yana son ya fito a hoto kusa da ɗiyarsa kamar mutumin da ya taso bisa raƙumi. Ni kuwa raƙumi ban taɓa kusantarsa ba sai ran kasuwa, shi ma daga bayan mai shi. Na naɗa, na ƙara naɗawa, na rufe baki da hanci, na ɗaga kai don in yi irin kallon nan nasu na wanda bai ga kowa ba. Sai jelar rawanin ta shige fankar da ke tsaye a bayana. Fanka ta ja, ni ma na ja, fanka ta fi ni gaskiya. Na zagaya kamar akuya a turke, na faɗa kan labulen da aka zana benayen Dubai a jiki, Dubai ɗin gaba ɗaya ta sauko ta lulluɓe ni. Allah ya taimake ni aka ɗauke wuta. Tun da nake ban taɓa yi wa masu ɗauke wuta addu'ar alheri ba sai ran nan.

Da na fiddo kai daga ƙarƙashin labule, sai ga Inna Dijatu tsaye bakin ƙofa, tsinken kitso soke a ɗankwalinta. Ba ta ce sannu ba. Cewa ta yi, "Abba, wa ya mutu ciki, Buzun ko Bakurfen? In san inda zan tahi gaisuwa."

To ita ce nake son in ba ku labarinta.

Dijatu mai kitso ce. Rumfarta na bayan shagona, ƙarƙashin wani dogon yaro da ya girme mu duka. Ta haura sittin, gajeruwa ce, ba ta da jiki, amma in ta dafe kan mace tsakanin gwiwoyinta, ko matar parfe mai mulkin gari ce sai ta yi ladabi. Ubanta Bafulatani ne, Giɗaɗo, wanda fari ya cinye wa shanu ya bar masa sanda kaɗai. Da ya ga sanda ba ta ba da nono, sai ya sauko gari ya auri ƴar Kurfayawa, ya koyi noman hatsi yana yi yana tsaki har ya koma ga Allah. Ita Dijatu ta auri Kailu, Bazabarmen Damana mai gyaran amalanke, ta zauna can har ya rasu, ta dawo da ɗiya guda, Habsa. Habsa kuma, don kada a ce gidan ya bar wani iri bai taɓa ba, ta auri wani Buzun Bonkuku. Ta haifi Samiratu, ba ta daɗe ba ta rasu. Uban ya tafi ci-rani Libiya, kuma har yau yana aiko da gaisuwa mai yawa.

Wannan yawon ne ya ba Dijatu hannu. Duk inda aure ko biki ya kai ta, wasu na kallon ƙwaryar abinci, ita tana kallon ƙeyar mata. Ta iya na Fulani mai zubowa ta kumatu da azurfa a baki. Ta iya na Buzaye, ƙanana siri-siri masu shan mai. Ta iya na Zabarmawa da ake jera wa ado a goshi, ta iya dokar kakanninmu Kurfayawa mai tudu kamar kunyar rogo. Da wannan tsinke ta ciyar da Samiratu, da shi ta sa ta lakwal, wato makarantar boko. Sai dai ƴan shekarun nan yatsunta sun fara gardama. Da safe sai ta jiƙa su a ruwan ɗumi kafin su yarda su lanƙwashe, kuma duk muna gani yarinyar ce ke ƙarasa mata kawunan da ta fara in an taso daga lakwal. Dijatu ba ta son haka. Ta sha gaya mini, "Ni na ƙare rayuwata ina kallon kwarkwatar mutane. Wagga yarinya, in kai za ta duba, to ta duba shi a likita."

Ana nan sai wani puroje, irin na masu ba da tallafi daga waje, ya zo ya gina antarna ta ƴan mata a bayan gari, makarantar kwana ke nan, daga siziyam har bak, farkon sakandare har ƙarshenta. Gado, abinci, littattafai, fitila mai hasken rana, ga mushe-mushe, wato malamai, waɗanda ba su yajin aiki don ba gwamnati ke biyan su ba. Gado arba'in ne kacal. Masu kuɗin kuma, daga can ƙasarsu, suka aiko da wata kalma wai ita dibarsite. Na tambayi wani mushe ma'anarta, ya ce wai a ga kowane iri a ciki. Na ce, a'a, kayan miya ke nan. Aka raba gadajen huɗu: goma na Kurfayawa, goma na Zabarmawa, goma na Fulani, goma na Buzaye. Aka naɗa komite, kowace ƙabila da dattijonta wanda zai ce wannan tamu ce. Bayan konkur, wato jarrabawar shiga, kowace yarinya za ta kawo hoto cikin kayan gargajiyar iyayenta, a aika Yamai, daga nan a aika wa masu kuɗi su ji daɗi.

Niyyar mai kyau ce, ban ce ba. An yi ne don ɗiyan makiyaya da na karkara su samu shiga. Abin da masu kuɗin ba su sani ba, yawancin lakwal ɗin da ɗiyan makiyayan ke zuwa can arewa rashin kwanciyar hankali ya rufe su, waɗanda suka kai ga rubuta konkur ba su cika hannu ba. Layin Kurfayawa da na Zabarmawa ya cika har yana zuba, na Fulani da na Buzaye kuwa iska ke yawo ciki. Mutanen gari ba su yi karatun dibarsite ba, amma sun iya gane inda layi ya fi gajarta.

Cikin kwana kaɗan Filinge ta cika da Fulanin da ba su taɓa taka kashin shanu ba. Wani ɗan kasuwa da na san kakansa da zanen Kurfayawa har kunne ya tuna cewa kakar tasa Bafulatana ce aka ɓoye. Wani ma'aikacin meri, ofishin magajin gari, ya ce shi dama tun yana yaro yake jin son shayi fiye da kima, ashe jini ne. Duk suka kwaso ɗiyansu sai rumfar Dijatu. Ita ta yi kai, ni in yi hoto. Na sayo malfa, na sayo sanda, na aro ƙwarya da faifai, na sayo rawanin da kuka ji labarinsa. Yarinya ta shiga rumfa ƴar Kurfayawa, ta fito Bafulatana, ta shigo wurina in ce mata ta ɗan sunkuyar da kai don kunyar ta fito. Ban taɓa ganin kasuwa irin ta lokacin ba. Dijatu tana kitsa, tana waƙa, tana jiƙa yatsu, ba ta san ramin da take haƙa wa kanta ba.

Sakamakon konkur ya fito, Samiratu ta zo ta biyu. Dijatu ta yi guɗa har jakunan tasha suka amsa. Washegari ta ɗaura zanenta na zuwa biki, ta ja yarinya suka hau motar Bonkuku, don kowa ya san ɗa na ubansa ne, uban Samiratu kuwa Buzu ne ba na shagona ba.

Dattijon Buzaye ya karɓe su da mutunci, ya ba su shayi har kofi na uku. Sannan ya gyara rawani ya ce su a al'adarsu ta asali, ciki ake bi, ɗa na uwarsa ne. Uwar yarinya kuwa ɗiyar Bazabarme ce, sai su nufi Damana. Dijatu ta ce mini al'adar gaskiya ce, ta taɓa jin ta wurin tsofaffi, sai dai mutumin bai tuna da ita ba ranar da ya zo karɓar rabon gadon ubansa.

Dattijon Zabarmawa bai ba su ko ruwa ba, dariya ya yi ta yi. Ya ce, "Buzu ya haihu ya kawo mini reno? Ku koma ku ce masa ubangidansa ya ce ya ɗauki kayansa." Wasan da ke tsakaninsu ke nan, kowa na cewa shi ne ubangijin wani. Dijatu ta ce wasan ya yi daɗi, amma gadon fa? Ya ce gado goma gare shi, ƴan matan ƙasarsu Tondikandiya da ke jira sun fi tururuwa.

Na Fulani ya tsaya ya saurari sunan Giɗaɗo, har ya ce ya san rugarsu. Sannan ya tambaye ta shanu nawa suka rage. Ta ce sanda ta rage. Ya ce Allah ya jiƙan Giɗaɗo, amma goman nan ta cika tun shekaranjiya, ya ma ciro hotunan ya nuna mata don ta ga irin Fulanin ƙwarai da aka samu bana. Dijatu ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ban da biyu, duk hannunta ne. Har da wadda ta yi wa ragi don uwarta ta yi ta kuka da tsada.

Saura namu, Alhaji Abdulƙadir, dattijon Kurfayawa, wanda gidansa ke kallon rumfar Dijatu, wanda matansa duka ita ke musu kitso. Na raka ta wannan karon don in sa baki. Alhaji ya ce shi ba ya musun an haifi yarinya a Filinge, ba ya musun ba ta jin kowane harshe sai Hausa da Faransancin lakwal. Amma Bakurfe fa asali ne, ina zanenta? Na ce, "Alhaji, ɗiyanka ma ai ba su da zane, fuskarsu sumul kamar ƙwai." Ya ce su nasu a jini yake. Na ce to a kai jinin likita a duba. Ya ce in fita masa daga zaure, kuma hoton da na yi masa na paspo bara ya sa ya yi kama da ɓarawon awaki.

Muka fito, ni da Dijatu. Sai da muka iso gindin dogon yaro ta ce, "Kowa ya ce ba tashi ba ta, amma ba wanda ya ce babu nashi ciki." Na ce haka ne. Ta ce, "To."

Wannan "to" ɗin na san shi. Shi ta faɗa ranar da wata ta ƙi biyan ta bayan an gama rabin kai.

Ranar da za a gabatar da ƴan matan da aka zaɓa, wata babbar puroje ta zo daga Yamai, Madam Rahama, doguwa mai gilashi, da waya biyu a hannu. An kafa rumfuna a filin antarna, an jera ƴan mata kashi huɗu cikin kayan gargajiya, dattawan komite na zaune a kujerun gaba kowa ya sha babbar riga. Ni ne mai hoto. Ana cikin jawabin daraktan makaranta, ya kai wurin da yake cewa yau ƙasar Kurfai ta zama uwa ɗaya uba ɗaya, sai ga Dijatu ta ratso tsakiyar fili tana jan Samiratu, kan yarinyar ɗaure da ɗankwali har gira. Mai gadi ya taso, ta dube shi ta ce, "Matarka na da biki jibi." Ya koma ya zauna.

Ta tsayar da yarinya gaban dattawa, ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya da sunan ubansa, sannan ta zare ɗankwali.

Jama'a, na ga kawuna a rayuwata, ban taɓa ganin irin wannan ba. Ta tsaga kan gida huɗu kamar gonar gado. Dama ta gaba kitson Fulani na zubowa kan kunci da azurfarsa. Hagu ta gaba na Zabarmawa da adonsa ya tsaya cak a tsakiyar goshi, kamar an ce masa iyakarka ke nan. Baya ta dama ƙananan na Buzaye suna ƙyalli da mai. Baya ta hagu rabin doka ta Kurfayawa ta yi tsaye ita kaɗai kamar tudun da ruwa ya cinye wa gefe. Kowane kashi kuma an yi shi da kyau, babu ha'inci. Daga baya na ji yini biyu ta yi a kai, tana yi tana jiƙa yatsu.

Ta ce, "Iyayena, na zo gidajenku, kowa ya ce ba tashi ba ta duka. Gaskiyarku. To ga shi na raba muku, kada ku wahala. Kowa ya duba nashi ya ɗauka, ya ba mu ƙafar gado guda. In an haɗa ƙafa huɗu, mu za mu nemo tabarma."

Sai wani daga baya ya fashe da dariya, sai kowa ya ɗauka. Alhaji Abdulƙadir ya ce wannan rashin kunya ne a gaban baƙi. Ni kuwa na duba wurin baƙuwar, sai na ga ta miƙe, ta ajiye waya ɗaya, ta ɗaga ɗayar. Ta zagaya yarinya ta gaba, ta zagaya ta baya, tana ta faɗin abubuwa da Faransanci kamar wadda ta tsinci zinariya. Ta ce shekara da shekaru masu kuɗi na tambayar ta hoton da zai nuna aikin nan a kallo ɗaya, ga shi Allah ya kawo. Ta ce wannan kan za a sa a allon bakin hanya, a sa a bangon rahoto, a kai shi har ƙasar Turawa. Sannan ta juya ga komite ta ce, wannan yarinya ta wane kashi ce?

Ban taɓa ganin tsofaffi sun tashi da sauri haka ba sai in an ce ga maciji. Dattijon Buzaye ya ce tun da Musulunci ya zo uba ake bi, kowa ya san haka. Na Zabarmawa ya ce shi ya yi wa kakanta Kailu wankan gawa da hannunsa. Na Fulani ya ce a dubi hancin kawai. Alhaji Abdulƙadir ya ce yarinyar da aka haifa a ƙofar gidansa, wadda yake jin kukanta tun tana cikin zane, wa ya isa? Har ya ce mata "ɗiyata", ya nemi sunanta a bakinsa bai samu ba, na raɗa masa.

Madam ta sunkuya ta tambayi yarinyar da kanta, "Ke fa, mi kika ce? Ke wace ce?" Samiratu, wadda tun shigowarsu idonta ke ƙasa don kunya, ta ce a hankali, "Madam, ni na zo ta biyu a konkur." Madam ta ce madalla, madalla, ta ɗan juya kanta hagu don haske ya faɗa kan azurfar.

Da aka zo maganar wanda zai cire yarinya guda daga gomarsa ya sa ta, sai ƙaunar ta lafa. Kowane dattijo ya koma kujerarsa yana duba carbi. Madam ta koma gefe ta yi ta waya da Yamai, ta dawo ta ce an buɗe kashi na biyar, sunansa "sauransu", gadonsa ɗaya. Kafintan tasha ne ya haɗa shi, ya fi sauran gajarta, an sa shi bakin ƙofa inda iska ke shigowa. Samiratu ta ce ya fi kowane daɗi lokacin zafi.

Yanzu tana aji na biyu a can, kuma ba ta sauka daga ta ɗaya ko ta biyu ba. In kun fito gari ta hanyar Yamai za ku ga kanta a allo, ya fi ƙofar shagona girma. Ni na ɗauki hoton, ba a sa sunana ba. Duk sa'ad da baƙi za su zo kuma sai a aiko mota a ɗauki Dijatu ta je ta sabunta kashi huɗun, yarinya ta zauna tana kumbura baki tana karatun lissafi a cinya. Bana da aka ji "sauransu" ya koma gado uku, Filinge ta wayi gari babu sauran mai asali ɗaya. Ɗan kasuwar nan da ya zama Bafulatani bara ya gano wata kaka Buzuwa da wani kaka Bazabarme. Alhaji Abdulƙadir da kansa ya aiko jikarsa a yi mata mai kashi huɗu. Dijatu ta ce yatsunta ba su iya wa sai na gida.

Ran nan na same ta gindin dogon yaro hannu cikin ruwan ɗumi, na cire hula ina fifita, na ce bari in tsokane ta. Na ce, "Inna, tsakani da Allah ba ki ji kunya ba? Yarinya ta ci jarrabawa da ƙoƙarinta, ke kin je kin sayar da kanta a allon bakin hanya kamar tallar sabulu."

Ta ɗago ta dubi ƙoƙon kaina yana walƙiya a rana, ta daɗe tana dubawa.

Ta ce, "Gashi na sayar musu, Abba, shi kuwa gobe wani ya tsiro. Abin da ke ƙarƙashinsa na kai a cika mini. Kai da ba ka da na sama, ba ka da na ƙasa, mi ya kai bakinka ciki?"